HALIMATU AYINDE DA SANA'AR ƘWALLON ƘAFA TA MATA: DARASI GARE MU

 Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar, mutuniyar Aliero, shekaruna 16. Abin da zan yi magana a kansa na san ba zai yi wa waɗansu iyayenmu daɗin ji ba da farko, watau ƙwallon ƙafa na mata. Ina roƙonsu su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, sa'an nan su yanke hukunci.

Ga abin da ya jawo rubutun. A daren Asabar, 26 ga watan Yuli, 2025, ina gida, ni da yayana muka haɗa kai bisa wayarsa muna kallon wasan ƙarshe na cin kofin Afirka na mata tsakanin Nijeriya da Maroko. Da aka tashi Nijeriya ta ci, ban san lokacin da na yi ihu ba, har na tada Baba daga barci. Da safe ya kira ni, ya ce, "Ke ɗiyag ga, karatu munka tura ki ko tamaula?" Na sunkuyar da kai na ce, "Karatu ne, Baba." Ban iya ƙara kome ba, domin ba a jayayya da uba. Amma tun daga ranar nan na shiga binciken labarin ɗaya daga cikin 'yan wasan, wadda yayana ya ce mini a nan Arewa aka haife ta. Abin da na samo shi ne amsar da na kasa ba Baba a ranar.

WACE CE HALIMATU AYINDE?

An haifi Halimatu Ibrahim Ayinde a garin Kaduna ran 16 ga watan Mayu, 1995. Ko da yake sunan Ayinde na Yarbawa ne, a Kaduna ta tashi. Ta faɗi da bakinta cewa ba abu mai sauƙi ba ne yarinya ta yi ƙwallo a Arewa, kuma ba kowa ne a gidansu ya so abin ba da farko. Ke nan irin maganar da muke ji a Jega da Aliero da Maiyama, ita ma ta ji ta.

Sana'arta hawa-hawa ta bi. Ta fara da ƙungiyar Nasarawa Amazons ta garin Lafiya, daga baya ta koma Delta Queens. A 2012 tana cikin 'yan matan da suka wakilci Nijeriya a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar Azabaijan. A 2014 ta hau mataki na gaba, watau gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada, inda Nijeriya ta kai har wasan ƙarshe, Jamus ta doke ta da ci ɗaya da nema bayan an yi ƙarin lokaci. A cikin shekarar nan dai aka ɗauke ta a babbar ƙungiyar ƙasa, wadda ake kira Super Falcons, suka je Namibiya suka ciwo kofin Afirka, bayan sun ci Kamaru biyu da nema.

Daga nan ne ƙasashen waje suka san da ita. A 2015 kulob ɗin Western New York Flash na Amurka ya ɗauke ta. Ba ta daɗe a can ba. A 2016 ta koma garin Minsk na ƙasar Belarus. A 2018 ta isa Suwidin, ta fara da wani ƙaramin kulob mai suna Asarum, a 2019 ta wuce Eskilstuna United, sa'an nan a 2022 ta shiga Rosengard, ɗaya daga cikin manyan kulob na mata a ƙasar, wanda ya lashe gasar lig ta Suwidin a 2022 da 2024. Ta kuma buga wa Nijeriya gasar cin kofin duniya sau uku: 2015 a Kanada, 2019 a Faransa, da 2023 a Ostireliya.

'Yan'uwana ɗalibai, ku lura da wani abu. Bayan ta kai Amurka ba ta zauna a sama ba. Ta sauko ta koma ƙaramin kulob, ta sake hawa daga ƙasa. Da wata ce da ta yi fushi ta dawo gida. Gaskiyar Hausawa da suka ce sannu ba ta hana zuwa.

AIKINTA A CIKIN FILI

Saboda iyayenmu mata da ba su taɓa kallon wasan ba, bari in yi ɗan bayani. Kowane gefe mutum 11 ne. Akwai mai tsaron gida, akwai 'yan baya masu tare abokan karawa, akwai 'yan tsakiya, akwai kuma 'yan gaba masu jefa ƙwallo a raga. Ana yin minti 90, a huta bayan minti 45 na farko. Ƙwararriyar 'yar tsakiya takan yi gudun kimanin kilomita 10 a wasa ɗaya.

Halimatu 'yar tsakiya ce, mai tsayawa a gaban 'yan baya. Aikinta shi ne ta ƙwace ƙwallo daga ƙafar abokan karawa tun ba su iso gida ba, ta miƙa wa wadda za ta kai gaba. Ba kasafai ake jin sunan mai irin wannan aiki ba, don 'yan gaba ake tafa wa. Ta yi kama da uwar gida a ranar biki: baƙi sai su yaba tuwo, ba su ga wadda ta kwana a bakin murhu ba. Aikin yana bukatar ƙarfin numfashi, da saurin tunani, da haƙuri, da yarda cewa wata ce za ta sha yabo. Duk waɗannan halaye ne da ake so ga 'ya mace ko da ba ta taɓa taka ƙwallo ba.

RANAR ƁACIN RAI DA RANAR MURNA

A watan Yuli, 2022, Nijeriya ta haɗu da Maroko a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, a birnin Rabat, gaban 'yan kallo fiye da 45,000. Jim kaɗan bayan an dawo hutun rabin lokaci aka ba Halimatu jan kati, watau aka kore ta daga fili. Daga baya aka kori Rasheedat Ajibade ita ma. 'Yan Nijeriya tara suka rage, suka jure har ƙarshen ƙarin lokaci ana kunnen doki, ɗaya da ɗaya, amma Maroko ta ci a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Horon bai tsaya nan ba. Saboda katin nan, da aka je gasar duniya a 2023 ba ta buga wasan farko da Kanada ba. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ya bi ta har shekara guda.

Ba ta karaya ba. Ta dawo ta buga sauran wasannin, inda Nijeriya ta ci Ostireliya mai masaukin baƙi uku da biyu, ta kuma riƙe Ingila canjaras har sai da aka kai ga bugun fenareti. A 2024 wata jarrabawar ta sake zuwa: ta ji rauni ana dab da wasannin Olamfik na birnin Faris, aka tafi ba da ita ba.

Sai ga daren da na ambata da farko. A Rabat ɗin dai, da Maroko ɗin dai. Kafin hutun rabin lokaci Maroko ta ci biyu, har yayana ya ce mu kashe waya mu kwanta. Da aka dawo Esther Okoronkwo ta rama ɗaya, Folashade Ijamilusi ta rama na biyu, ana saura minti biyu a tashi Jennifer Echegini ta jefa na uku. Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka karo na goma, Halimatu kuwa tana cikin waɗanda suka yi aikin. Da suka dawo Abuja, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba kowacensu lambar girma ta ƙasa, ya kuma sanar da kyautar gida da kuɗi kwatankwacin dala 100,000. A garin da aka kore ta daga fili, a nan ta ɗaga kofi bayan shekara uku.

ABIN DA BA A NUNAWA A TALABIJIN

Kada wata ta karanta wannan ta ce ai shi ke nan, ta ajiye littafi ta kama ƙwallo. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na ɗaya, sana'ar gajeruwa ce. Yawancin 'yan wasa kan daina tun ba su kai shekara 40 ba. Malama ko ungozoma kuwa a lokacin ne ma aikinta yake nuna.

Na biyu, akwai rauni. Likitoci sun tabbatar cewa tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi samun mata 'yan ƙwallo bisa ga maza. Mu mutanen Aliero an san mu da ɗori, daga nesa ake kawo mana masu karaya, amma jijiyar gwiwa ba aikin mai ɗori ba ne. Sai an yi tiyata a asibiti, a kuma yi watanni ana jinya.

Na uku, kuɗin ba kullum suke zuwa a kan kari ba. A 2016, bayan Super Falcons sun ciwo kofin Afirka a Kamaru, sai da suka ƙi fita daga otal a Abuja don neman a biya su haƙƙinsu.

Na huɗu, cikin dubban 'yan mata masu buga ƙwallo, 23 kacal aka tafi da su gasar duniya ta 2023. Saboda haka wadda ta bar karatu don ƙwallo ta saki reshe ta kama ganye. Baba yana da gaskiya, karatu aka turo mu.

DARASI DAGA BANGALADASH

To, in haka ne, me ya sa nake wannan dogon bayani? Bari in kai ku wata ƙasa mai nisa, domin labarinta ne ya buɗe mini ido. Bangaladash tana nahiyar Asiya, maƙwabciyar Indiya. Kusan tara cikin goma na mutanenta Musulmi ne, manoman shinkafa ne kamar mutanen Jihar Kebbi, kuma su ma ruwa yakan ci musu gonaki da damina. Iyayen can ma ba su saba ganin 'ya mace tana gudu a fili ba.

Fitacciyar 'yar wasansu ita ce Sabina Khatun, wadda aka haifa a garin Satkhira a 1993. Ita ce mace ta farko a ƙasar da ta fita waje yin ƙwallo: a 2015 ta je tsibiran Maldives, a 2018 kuma ta buga wa kulob ɗin Sethu na Indiya. A watan Satumba, 2022, tana kyaftin, Bangaladash ta ci Nepal uku da ɗaya a birnin Katmandu, ta ɗauki kofin Kudancin Asiya karo na farko. Sabina ce ta fi kowa jefa ƙwallo a gasar, har takwas. Suka sake ɗaukar kofin a 2024. A 2025 kuma suka sami shiga gasar cin kofin nahiyar Asiya, abin da ba su taɓa yi ba.

Amma ba Sabina ce ta fi ba ni mamaki ba. A 2011 gwamnatin ƙasar ta fito da wata gasa mai suna Bangamata, ta 'yan matan makarantun firamare zalla. A wani ƙauye da ake kira Kalsindur, can kusa da iyakar Indiya, wani malamin firamare ya tara ɗalibansa mata ya fara koya musu ƙwallo a filin makaranta. 'Ya'yan talakawa ne. Ba a jima ba makarantar ta zama zakara a ƙasar baki ɗaya. Da aka je Katmandu a 2022, takwas daga cikin 'yan wasan ƙasa daga wannan ƙauye ɗaya suka fito, ciki har da Sanjida Akhter da Maria Manda.

Shin 'yan matan Kalsindur sun fi na Maiyama ƙafa ne? Ban yarda ba. Abin da suka samu abu uku ne: fili, da malami, da gasa.

Ni 'yar manomin albasa ce. Na san ba a watsa irin albasa a gona haka kawai. Sai an yi renonsa a ɗan ƙaramin wuri, ana ba shi ruwa, ana cire masa ciyawa, bayan kamar sati shida ko bakwai a cire a dasa. Wanda bai yi reno ba, ba ya da abin dasawa, ba ya kuma da buhun da zai kai kasuwa. Filin makaranta shi ne wurin renon. Nijeriya ta fara zuwa gasar duniya ta mata a 1991, shekarar da aka kafa Jihar Kebbi, kuma ba ta taɓa fashi ba har zuwa 2023. Ashe bai kamata mu ma mu fara namu renon ba?

A nan makarantarmu, da yamma bayan la'asar, mukan buga ƙwallo a bayan ɗakin kwananmu, mu sa takalma a maimakon raga. Akwai wata ƙawata mutuniyar Jega, in ta ɗauki ƙwallo mu huɗu ba mu iya ƙwace ta. Tun da muka shigo aji ɗaya ba ta taɓa karawa da wata makaranta ba, badi kuma za mu fita. Wa zai san da ita?

AMSA GA TSORON IYAYENMU

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Don haka ba na raina tsoron iyayenmu. Zan dai kawo abin da na sani.

Na farko shi ne sutura. Tun 2014 masu yin dokokin ƙwallo na duniya suka amince mace ta rufe kanta a cikin fili. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya sanye da hijabi, ita ce ta farko da ta yi haka. Dogon wando da riga mai dogon hannu ba su hana gudu.

Na biyu shi ne cuɗanya da maza. A makarantar kwana ta mata wannan mai sauƙi ne. Fili yana cikin katanga, 'yan wasa mata, 'yan kallo mata, malama ce za ta hura usur.

Na uku shi ne karatu. A sa doka: duk wadda ta faɗi jarrabawar zango ba za ta buga wasa ba sai ta gyara. Na tabbata waɗansu da ke barci a ajin lissafi za su farka.

Na huɗu shi ne maganar da Inna ta yi mini, cewa yawan gudu da tsalle yana hana mace haihuwa. Malamarmu ta kimiyyar lafiya ta bayyana mana cewa ba haka ba ne. Motsa jiki yana ƙarfafa zuciya da ƙashi. Akwai ma 'yan ƙwallo da yawa a duniya da suka haihu suka dawo fili. Kuma kakanninmu da suka yi daka da surfe da ɗaukar itace, ai su suka haifi iyayenmu.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ba na cewa kowace yarinya ta zama Halimatu. Wataƙila cikinmu ba wadda za ta taka Suwidin. Amma kowace za ta sami lafiyar jiki, ta koyi aiki tare da 'yan'uwa, ta koyi bin doka ko da ranta bai so ba, ta kuma koyi cewa in an ci ta biyu kafin hutu ba a tashi wasa ba tukuna. Ga roƙona:

1. Hukumar makaranta ta keɓe mana yamma biyu a mako, da malama ɗaya mai kula da mu.

2. A fara da gasa tsakanin gidajen kwana a cikin makaranta, kamar yadda ake yin ta guje-guje.

3. In abin ya yi kyau, shugabannin makarantun mata na Jega da Aliero da Maiyama su shirya gasa sau ɗaya a shekara. Garuruwan nan uku ba wanda ya kai tafiyar awa ɗaya a mota daga ɗan'uwansa, ana iya zuwa a dawo kafin magariba.

4. Ƙungiyar iyaye da malamai ta taimaka da ƙwallaye da riguna masu rufe jiki. Kuɗinsu bai kai na buhunan albasa kaɗan ba.

5. Kada a sa kowace yarinya a wasa sai da yardar iyayenta a rubuce, kuma a gayyaci iyaye mata su zo su gani da idonsu, domin gani ya kori ji.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, in an ba mu wannan dama, mu riƙe ta da mutunci. Ran da ɗayarmu ta yi abin kunya da sunan ƙwallo, ta rufe wa ƙannenmu ƙofa ke nan.

Wannan mujalla zan kai wa Baba da hannuna in an yi hutu, in zauna in karanta masa. In ya ce a'a, na bi, domin shi ne uba. In kuwa ya sa hannu a takarda, to, ni a tsakiya nake so in tsaya, a gaban 'yan baya.